Ƙusa a Cikin Gungume

Da hantsi zarto ya yi wata irin ƙara,
haƙora uku suka tashi, ɗaya ya huda kwanon rufi.
Kwabena ya kashe inji yana zagin gungumen da Asantanci.
Ni kuwa na ɗauko cizal, na bi tsagar sannu
har na iske abin da itacen ya haɗiye:
ƙusar dogo, tsawon taƙi, kanta a lanƙwashe,
tsatsa ta rine naman odum kewaye da ita.

Na san ta.
Akwai 'yar'uwarta a gida, Aboabo, cikin gwangwanin Baba,
tare da katin lebura da sule biyu da suka daina ci.

Baba Nomau ba katako ya kawo shi Kumasi ba.
Goro ya biyo, jari ya karye,
aka ce ana ɗibar masu ƙarfi can yamma,
inda kurmi ya hana rana taɓa ƙasa,
inda in ka haye rafi ɗaya
mai kosai ba ta karɓar kuɗinka, sai tamma.

Dogon can, in ji shi, ba irin na tasha ba ne,
ɗan siriri ne, yaro ma ya tsallake.
Jirgin kuwa Tsohuwa suke ce mata
saboda tari da yawan tsayawa shan ruwa.
In ta fuskanci tudu da gungume huɗu
sai a sauka, a zuba mata yashi, a tura.
Ba ta ɗaukar fasinja.
Gawa kaɗai ke hawa kyauta,
kuma haka Seini Bazabarme ya hau ta
ranar da sarƙa ta tsinke.

Yatsun Baba biyu na can, tsakanin tarago da tarago.
Da na tsakiya yake nuni a tahiya,
muna yara muna dariya a bayan sahu.

Wata rana na tambaye shi ƙusar.
Ya ce, a kurmi ba ka ganin gabas.
Duk sansanin da muka sauka
sai Malam Ilu ya hau tudu da asuba ya duba,
ya dawo ya nuna itace guda,
mu kafa mata ƙusa, mu rataya fitila da buta.
Ita ce alƙibla.
Helima ba Musulmi ba ne, amma ya sani:
mai ƙusa ba a sa mata gatari.

Na durƙusa cikin garin katako a Sokoban
ina ƙirga zobba daga ƙusa zuwa ɓawo.
Na wuce sittin, lissafi ya ɓace mini.
Dogon an tumɓuke shi tuntuni, an sayar a kilo.
Tsohuwa, wa ya sani, wataƙila ta zama tukwane.
A tashar cikin gari ma yanzu
kan ƙarfen ake baza gwanjo da tumatir.
Itacen nan ce ta rage tana tsaye,
shekara da shekaru tana nuna gabas
ba kowa a bayanta,
har wani mai zarton hannu ya zo, wanda bai san labari ba.
Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ita zan ci tuwon yau.

Maigida ya ce za a cire kuɗin zarto a albashina.
Na ce to.
Ƙofofi goma sha biyu ake jira a wani otal na Ankara,
ran Laraba mota za ta zo.

Na sa ƙusar a aljihu, tana ja mini riga gefe guda.
Da azahar na shimfiɗa kwali bayan rumfa,
gungumen na kwance, kansa na duban kudu.
Na daɗe tsaye kafin in yi kabbara.
Kwabena na jira, hannunsa a kan makunni.